Yadda muka gyara maƙalar penisilin ni da mutumin da ban taɓa gani ba

Maƙalar da na tarar a Wikipedia 'yan layuka ce kawai. Ta ce penisilin magani ne mai kashe ƙwayoyin cuta, ta ce Alexander Fleming ne ya ƙirƙiro shi a 1928, sannan ta rufe da cewa babu maganin da ya kai shi girma a tarihin ɗan'adam. Ko madogara ɗaya babu a ƙasa. Na san labarin ya fi haka tsawo, ga kuma maɓallin gyara a saman shafin, ba mai hana ni latsa shi. Haka wiki yake tun da Ward Cunningham ya buɗe na farko a 1995, haka kuma Wikipedia ta gada da aka kafa ta ranar 15 ga Janairun 2001: shafi a buɗe yake, kowa na iya sa hannu. Latsa maɓallin ba wuya. Wuyar tana wajen yin aiki a shafin da wasu suka riga ka, wasu kuma za su biyo bayanka, ba tare da kun taɓa haɗa ido ba.

Kafin in taɓa ko harafi ɗaya sai na buɗe tarihin shafin. Daga tsofaffin editoci na ɗauki wannan ɗabi'ar, kuma ita nake fara nuna wa duk wanda ya ce in koya masa. Tarihin shafi jeri ne na duk gyaran da aka taɓa yi: wa ya yi, yaushe, nawa ya ƙara ko ya rage, da abin da ya ce ya yi. Kana iya zaɓar gyara biyu, manhajar ta jera maka su gefe da gefe ta haskaka abin da ya canza. Kusan ba abin da ke ɓacewa a nan. Kalmar da aka goge shekaru biyar da suka wuce tana nan, da sunan wanda ya goge ta.

Abin da tarihin ya gaya mini ya fi abin da maƙalar ta gaya mini. Mutum ɗaya ne ya rubuta ta, kuma yana komowa lokaci-lokaci ya gyara waƙafi ko ya daidaita kalma. Can baya wani ya taɓa cire jimlar nan ta cewa ba maganin da ya kai penisilin girma, bai faɗi dalili ba, washegari mai maƙalar ya maido ta, shi ma bai ce uffan ba. Shafin tattaunawa kuwa fayau yake, ba wanda ya taɓa rubuta komai. Daga nan na san abu biyu. Akwai mai ido a kan wannan shafin, yana kuma jin nasa ne. Sannan an taɓa yin saɓani a nan, ba a warware shi ba, an dai binne shi ne.

Sai na koma shafin gwaji da ke ƙarƙashin sunana, inda mutum ke iya rubutu da gogewa ba ya damun kowa. A nan na tattara madogarai. Shafin hukumar kyautar Nobel, littattafan tarihin likitanci, muƙalun mujallun kimiyya. Rubutun da wani ya ɗora a shafinsa na sada zumunta ba madogara ba ne, komai daɗinsa. Wani shafin na Wikipedia ma ba madogara ba ne, domin idan wiki ya dogara da wiki, ƙarya ɗaya sai ta yi ta zagaye tana shaidar kanta. Abin da ake yi shi ne a gangara ƙasan wancan shafin a bi littattafan da ya ambata, a karanta su da ido.

Yadda nake rubutu daga littafi shi ne in karanta sashen har in fahimta, in rufe littafin, in rubuta da bakina, sannan in sake buɗewa in duba shekaru da sunaye. Dalilin ba kunya kaɗai ba ne. Duk abin da ka wallafa a Wikipedia ka sake shi ne ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda aka koma kansa a 2009. Lasisin ya ba kowa damar kwafa da canzawa, har da sayarwa, muddin ya ambaci asali kuma ya saki nasa bisa sharaɗi iri ɗaya. To in ka kwafo sakin layin wani marubuci ka liƙa, ka yi kyauta da abin da ba naka ba ke nan. Canza kalma biyu-uku a cikin jimlar mutum ba ya fid da kai. Fassara ma haka take: in daga Wikipedia ta wani harshe ka fassaro, sai ka faɗi shafin da ka ɗauko a bayanin gyaranka, don waɗanda suka rubuta shi suna da haƙƙin a ambace su.

Ga abin da madogaran suka tabbatar. A Satumban 1928, a asibitin St Mary's da ke Landan, Fleming ya lura fumfuna ta faɗa wani faranti da yake rainon ƙwayoyin cuta a ciki, kuma ƙwayoyin da ke kewaye da ita sun mutu. Ya wallafa bayanin a 1929. Amma tace sinadarin ya zama maganin da za a ba mutum ya gagare shi. Sai a 1939 tawagar Howard Florey, ɗan Ostireliya, da Ernst Chain, wanda ya baro Jamus a 1933, ta ɗauki aikin gadan-gadan a Jami'ar Oxford. A watan Mayun 1940 suka sa wa ɓeraye takwas ƙwayar cuta mai kisa, suka ba huɗu penisilin. Huɗun da ba a ba ba suka mutu cikin sa'o'i, waɗanda aka ba kuwa suka wayi gari da rai. A Fabrairun 1941 aka gwada shi a kan wani ɗan sanda, Albert Alexander. Ya fara samun sauƙi, maganin ya ƙare, ciwon ya dawo, ya rasu a watan Maris. A 1945 aka raba kyautar Nobel tsakanin Fleming da Chain da Florey.

Rubuta wannan a salon wiki yana buƙatar mutum ya danne wasu halayen alƙalaminsa. Jimlar farko ta faɗi mene ne abin, ba kwana-kwana, don yawancin masu karatu daga ita ba sa wucewa. Kalmomin yabo irin su shahararre, gwarzo, abin al'ajabi, duk a ajiye su. In mutum ya yi abin a yaba, faɗi abin da ya yi da shekarar da ya yi shi, mai karatu ba yaro ba ne. Akwai kuma kalmomin da nake kira na fakewa: an ce, wasu na ganin, masana sun tabbatar. Wane masani? A wane littafi? Sai kalmomin da ke tsufa, kamar kwanan nan, bara, a halin yanzu. Shafin zai daɗe bayan ka manta da shi, kuma baran da ka rubuta za ta zama ƙarya ba tare da kowa ya taɓa ta ba. A sa shekara, a huta.

Da na gama a shafin gwaji, ban kwaso komai na jibge a maƙalar lokaci ɗaya ba. Nan ne, a ganina, ladabin wiki ya fi ɓoyuwa, don ba ya kama da ladabi. In ka haɗa gyaran rubutu da sabon sashe da cire jimlar da ake taƙaddama a kanta duk a gyara ɗaya, ka ɗaure mai kyau da mai rigima a ƙulli guda. Wanda bai yarda da abu ɗaya ba, ba shi da hanya mai sauƙi sai ya soke duka. Saboda haka na rarraba. Na fara da sashen aikin Oxford, na ajiye. Na sa madogarai a maganar 1928, na ajiye. Na gyara jimlar farko, na ajiye. Cire maganar girma na bar ta ƙarshe, ita kaɗai.

Kowane gyara kuma na cike masa akwatin taƙaitaccen bayani. Da yawa suna barin akwatin nan ba komai, ko su rubuta "gyara", wanda daidai yake da ba komai, tunda kowa ya san gyara ka yi. Ni abin da na rubuta shi ne irin "na ƙara aikin Florey da Chain, 1939 zuwa 1941, da madogara biyu", da kuma "na cire jimlar girma, ra'ayi ne ba madogara, na sa kyautar Nobel a madadinta". Layi ɗaya ne, amma ga wanda ke bibiyar shafuka ɗari a jerin sa-idonsa, shi ke gaya masa ko ya buɗe ko ya wuce. Akwai kuma ɗan akwatin da ake latsawa a nuna ƙaramin gyara ne. Na kuskuren harafi ne da waƙafi, abin da ba mai musu a kansa. Wanda ya cire jimla sukutum ya ce ƙaramin gyara ne, ko bai nufa ba, ya yi kama da mai son wucewa ta bayan gida.

Ba a kwana biyu ba sai ga sanarwa: an soke gyarana. Na duba. Sashen Oxford yana nan, madogarai suna nan. Biyu mai maƙalar ya soke, jimlar farko da maganar girma. Rarrabawar ta yi amfaninta. Wannan karon ya rubuta bayani, gajere: kowa ya san Fleming ne.

Maɓallin sokewa yana gabana kamar yadda yake gabansa. In na latsa, ya latsa, na latsa, shi ne abin da ake kira yaƙin gyara, kuma ba a taɓa gama shi da wani ya gamsu ba. A Wikipedia ta Ingilishi akwai doka a kai: wanda ya soke gyara fiye da sau uku a shafi ɗaya cikin sa'a 24, ana iya dakatar da shi. Wasu na ɗauka an ba su uku kyauta ne a kowace rana. Ba haka ba ne, ana dakatar da mai jan rigima ko bai kai ukun ba. Hanyar da editoci suka fi yabawa hawa uku ce: ka yi gyaranka ba tsoro, in an soke kada ka maido, ku tafi shafin tattaunawa. Na yi na farko, ya yi na biyu, na uku ya rage, kuma a wuyana yake tunda ni ke son canji.

Na buɗe sabon sashe a shafin tattaunawar maƙalar, ba a shafinsa na kansa ba, don duk mai sha'awa ya gani ya sa baki. Kan maganar na sa "Jimlar farko: Fleming da tawagar Oxford". Ga abin da na rubuta:

"Barka da aiki, Malam. Na gode da ka fara wannan maƙalar, ka kuma riƙe ta tsawon lokaci. Na yarda da kai cewa Fleming ne ya fara gano tasirin penisilin, kuma sunansa ya kamata ya zo farko. Inda nake da magana shi ne kalmar ƙirƙira. Madogara biyun da ke sashen Oxford sun nuna bai kai ga mayar da shi magani ba, kyautar Nobel ta 1945 ma mutum uku aka ba. Ko za ka duba su ka ga yadda za mu tsara jimlar ta ɗauki duka? Maganar girma kuma, in akwai littafin da ya faɗa, sai mu sa ta da sunan mai faɗin."

Na rufe da alamar nan mai lanƙwasa guda huɗu, ~~~~, wadda manhajar ke mayarwa suna da lokaci. Saƙon da ba sa hannu yana wahalar da mai karanta muhawara daga baya, sai ya koma tarihi yana neman wa ya ce me.

Na daɗe ina sassaƙa saƙon nan, fiye da yadda na daɗe a kan wasu sakin layin maƙalar. Rubutu ba shi da murya, ba shi da fuska. Abin da za ka faɗa da murmushi a wuce, in ka rubuta shi sai ya fito da ƙaya. Don haka na fara da inda muka yarda, na yi magana a kan jimla, ban yi a kan mutum ba. Ban ce bai karanta ba, ban ce ya mallake shafin ba, ko da yake tarihin na nuna alamar haka. Ƙa'idar da ake yawan ambato a nan ita ce kyautata zato: ka ɗauka wanda ya saɓa maka shi ma gyara yake nufi, har sai ya nuna akasin haka a fili. Ba don kowa na da kyakkyawar niyya ba ne. Don in ka munana zato ka yi kuskure, ka kori mai taimako, in kuwa ka kyautata ka yi kuskure, 'yan mintoci kawai ka yi asara.

Sai jira. Wannan ma aiki ne. Masu wiki 'yan sa-kai ne, kowa da abin da ke gabansa, wani ma yana barci lokacin da kake farke. Na bar maƙalar a yadda ya mayar da ita, na tafi wasu shafukan.

Amsarsa ta zo da ruwa biyu a farkon layi, alamar da ke tura rubutu ciki kaɗan don a san amsa ce ga na sama. Ya fara da cewa shi ma'aikacin lafiya ne shekara da shekaru, kuma haka aka koya musu. Ban musa ba, ban kuma kama wannan igiyar ba. A wiki ba wanda ke iya tabbatar da takardun kowa. A 2007 an gano wani babban edita a Wikipedia ta Ingilishi da ya daɗe yana cewa shi farfesan ilimin addini ne, yana cin muhawara da wannan, ashe saurayi ne ɗan shekara 24 da ba shi da digirin. Tun daga nan maganar ta ƙara zama a fili: ilimin mutum yana taimaka masa ya san inda madogara take, amma madogarar ce ke shiga shafi, ba muƙaminsa ba. Na ce masa kawai, tunda fagensa ne, wataƙila yana da littattafan da ba ni da su.

Ashe kuwa yana da su. Da ya dawo, ya karanta abin da na kawo, ya kuma zo da sunan da ni na tsallake: Norman Heatley, wanda ya tsara dabarun raino da tace penisilin a Oxford da kayan da aka harhaɗa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Bai shiga kyautar Nobel ba, wadda ba a raba ta ga fiye da mutum uku, sai a 1990 Oxford ta ba shi digirin girmamawa na likitanci. Ya ce in dai adalci ake nema, to a yi shi duka. Gaskiyarsa. Muka yi ta miƙa wa juna jimla a shafin tattaunawa, ya rage, in ƙara, har muka tsaya a kan cewa Fleming ne ya fara lura da tasirin penisilin a 1928, tawagar Florey da Chain da Heatley kuma ita ta mayar da shi maganin da ake ba majiyyaci. Maganar girma shi da kansa ya ce a bar ta, bai sami mai faɗinta a littafi ba. Na roƙe shi ya sa sabuwar jimlar da hannunsa. Ba wani abu zai canza ba ga mai karatu, amma tarihin shafin zai nuna mai maƙalar ne ya gyara, ba a ci shi da yaƙi ba.

Daga nan aiki ya yi sauri, har ya kai muna karo. Za ka gama rubutu ka latsa ajiyewa, manhajar ta ce wani ya canza shafin tun bayan da ka buɗe, ta nuna maka naka da nasa ka haɗa da hannu. Abin da bai kamata ba shi ne ka liƙa naka a kan nasa ka shafe masa aiki. Muka raba: shi ya ɗauki tafiyar Florey da Heatley zuwa Amurka a 1941 da yadda aka kai ga sarrafa maganin da yawa a can, ni na ɗauki yadda yake aiki a jiki. Kowa ya riƙa buɗe sashensa kaɗai maimakon shafin gaba ɗaya, karon ya ragu.

Ana cikin haka wani sabon shiga, wanda gyaransa na farko ke nan, ya ƙara labari mai daɗin ji: wai mahaifin Fleming ya ceci Winston Churchill, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Birtaniya, daga nutsewa yana yaro, mahaifin Churchill ya biya wa Fleming kuɗin karatu, daga baya penisilin ya ceci Churchill. Labarin ya daɗe yana yawo, kuma ba gaskiya ba ne. Ciwon huhun da ya kama Churchill a Tunisiya a Disamban 1943, da wani magani na dangin salfa aka yi masa magani, ba da penisilin ba. Abu mai shakka da ba ya cutarwa, ana iya manna masa alamar neman madogara a ba mai shi lokaci. Abin da aka san ƙarya ne cire shi ake yi. In kuwa a kan rayayyen mutum ne, ba a jira ko minti ɗaya, darasin da aka koya a 2005 lokacin da wata ƙarya a kan ɗan jaridar Amurka John Seigenthaler, mai alaƙanta shi da kisan 'yan gidan Kennedy, wato shugaban Amurka John Kennedy da ƙaninsa Robert, ta yi watanni a shafinsa ba wanda ya lura.

Na cire labarin da bayani, sannan na je shafin sabon na yi masa maraba. Na gaya masa labarin ya ruɗi mutane da yawa, na nuna masa inda zai karanta gaskiyar, na ce sashen illolin maganin na neman mai rubutawa in yana so. Sabo bai san akwai tarihin shafi ba, bai san akwai shafin tattaunawa ba. Abin da ya sani shi ne ya yi rubutu, ya dawo bai gan shi ba. In ba wanda ya ce masa komai, yawanci ba ya sake dawowa. Gidauniyar Wikimedia, mai kula da Wikipedia, ta amince da kundin ɗa'a na bai-ɗaya a 2020, wanda ya hana cin zarafi da tsangwama a duk ayyukanta, amma ba kundin da zai tilasta maka rubuta wa baƙo layi uku na maraba.

Bayan wani lokaci wata edita da ban san ta ba ta bi sashena ta rage shi da kusan rabi. Ta cire wata jimla da na sha wuya kafin ta zauna. Na jera gyaran biyu na karanta. Nata ya fi nawa sauƙin fahimta, ba ta kuma zubar da gaskiya ko ɗaya ba, sai shekara guda da ta faɗi wajen yankan. Na maido shekarar kaɗai, na faɗi haka a bayani, na latsa mata maɓallin godiya.

Abu na ƙarshe da na yi a maƙalar shi ne rubuta jerin abin da ya rage a shafin tattaunawa: sashen bijirewar ƙwayoyin cuta ga maganin bai da komai tukuna, ko da yake Fleming ya yi gargaɗi a kan shan abin da bai kai ƙima ba tun a laccarsa ta Nobel a 1945, madogara ɗaya ba ta da lambar shafi, hoton da ke sama yana buƙatar a duba lasisinsa. Abokin aikin nawa ya amsa a ƙasa cewa zai ɗauki na farkon, amma sai bayan ya samo wani littafi da ya ba wani aro.